Maharazu Mai Tono da Iyakar Gonar Gwaggo

Idan ka shiga layin masu gyaran waya da ke kusa da tashar mota a Funtua ka ce kana neman Maharazu, sai an tambaye ka wanne, don sun kai uku. Amma ka ce Mai Tono, ko mai tura baro zai miƙa hannu ya nuna maka. Shagon ɗan tsukuku ne, mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a bakin ƙofa, ga kwanon rufi ya sauko ƙasa-ƙasa, da rana zafi kamar gidan burodi. A nan za ka same shi, siriri, ɗan shekara talatin da shida, ya ba titi baya yana fuskantar kwamfuta. Da can mutum ne mai surutu da cika baki. Abin da ya kashe masa baki wata 'yar fadama ce a Mahuta, wadda ko kadada ɗaya ba ta kai ba.

A Mahuta aka haife shi. Yana shekara huɗu mahaifiyarsa ta rasu, sai ƙanwar babansa ta ɗauke shi. Sunanta Inno, amma kowa Gwaggo yake ce mata, har sa'anninta. Ita da mijinta Malam Ummaru Allah bai bar musu ɗa ba, uku suka haifa duk suka koma, don haka Maharazu ya tashi shi kaɗai a tsakar gida, ɗan lele na gaske. Noma kuwa, ina! In an ba shi fartanya sai ciwon ciki ya tashi, in an ba shi matacciyar rediyo sai ya manta da tuwo. Gwaggo ce ta tsaya kai da fata aka kai shi Funtua wajen wani mai shagon buga takardu, can ya koyi bugu, ya koyi ɗaukar bidiyon biki, ya koyi kwance kwamfuta da ɗaurawa.

Sunan ya samo shi ne ranar da wata malamar makaranta ta zo tana hawaye, an goge mata aikin kammala karatu na shekara guda. Ya duƙufa kan faifan kwamfutarta tun hantsi har la'asar, ya dawo mata da shi ko layi ɗaya bai ɓata ba. Daga nan aka riƙa zuwa masa daga Bakori, daga Kafur, har Malumfashi. Yana da bayanin da yake yi wa kowa, har mutanen layin sun haddace. "Kwamfuta ba ta gogewa," in ji shi. "Suna kawai take cirewa daga ƙofa. Kayan suna nan cikin ɗaki, sai ran da aka kawo wasu aka jibga a kansu." Kuma gaskiya yake faɗa, amma a kan tsofaffin faifan nan masu juyi, waɗanda ake jin kukansu in an kasa kunne.

Shekara uku da suka wuce ya haɗa sabuwar kwamfuta. Abokinsa Zainulabidin, wanda ke kula da manyan kwamfutoci a wani kamfani a Kaduna, shi ya zo ya taya shi. Suka sa faifai biyu irin na zamani, es-es-di, waɗanda ba sa juyi ba sa kuka. Ba su sayi wata na'urar haɗi ba, da manhaja kawai Zainulabidin ya haɗa su, ta yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya, a take ya shiga ɗayan. Ko ɗaya ya ƙone, ɗan'uwansa yana nan. Maharazu ya sa musu suna tagwaye, kuma wallahi mutanen layin nan sun sha labarin tagwaye har sun gaji. Bayan 'yan watanni kwamfutar ta fara nauyi. Ya kira abokin nasa, shi kuma ya ce masa irin wannan faifan ba ya iya rubutu a kan tsohon rubutu sai ya share wurin tukun, don haka dole a riƙa gaya masa wuraren da aka daina amfani da su, ya share su tun da wuri. Ya tura masa layi ɗaya ya ce ya rubuta. Daga ranar, duk Litinin da aka kunna kwamfutar sai ta yi wannan shara da kanta, shiru, ba ta tambayar kowa. Gudu ya dawo, Maharazu ya ji daɗi, ya manta da zancen.

To, a wannan shekarar ce ciwo ya kama Malam Ummaru. Da ya ga jiki ya ƙi, sai ya ce zai ba Gwaggo gonar gabas kyauta tun yana da rai, don ya san ba su da ɗa, in ya faɗi mafi yawan abin da ya bari hannun ƙanensa Alhaji Talha zai koma. Yadda ake yi a garin sananne ne. Ana kiran dattawa biyu ko uku, a taka iyakar da ƙafa, mai gona yana faɗa suna ji, a kafa gamba ko a dasa itace a kowace kusurwa. Abin da tsohon ya yi niyya ke nan. Sai aka yi rashin sa'a ran da ya ɗan ji ƙarfi ɗaya dattijon ya tafi ta'aziyya, ɗayan yana kwance. Maharazu kuwa ya zo duba shi da kamara a jaka.

"Baba, me za a jira?" ya ce. "Dattijo yana mantuwa, yana mutuwa. Wannan kuwa muryarka ce da fuskarka, ta fi shaidu goma."

Tsohon ya ɗan yi gardama, daga baya ya sakar masa. Maharazu ya goya shi a babur, suka tafi su biyu rak. Gwaggo tana gida tana dama masa kunu. Minti ashirin da uku suka yi, tsohon yana dogara sanda yana nuni yana magana. Da suka dawo Gwaggo ta miƙo 'yar wayarta ta ce a sa mata a ciki. Ya yi dariya ya ce memorin waya ai abin wasa ne, ruwa ya taɓa shi ya tafi, ta bari a wajen tagwaye. Kafin kaka Malam Ummaru ya rasu.

Babu wanda ya yi musun cewa gonar gabas ta Gwaggo ce. Inda ta tsaya ne magana. Akwai ɗorawa a kan tudu, akwai tsamiya can ƙasa, tsakaninsu fadamar take. Sama da ɗorawar tsakuwa ce da fako, gero ma da ƙyar. Fadamar ce ke ba da shinkafa da damina, tumatir da rani, ita ce cin Gwaggo da suturarta. Ita ta ce har tsamiya aka ba ta. Alhaji Talha ya ce tun zamanin mahaifinsu gonar gabas a ɗorawa take ƙarewa. Kada ka ɗauka mugu ne. Ɗan kasuwar hatsi ne mai iyali da yawa, mai taurin kai, amma ba a taɓa kama shi da cin haƙƙin wani ba. Shekara guda ya bar mata wurin saboda kunyar mamaci.

Bayan kakar da ta biyo, lokacin da aure ke yawa, faifan Maharazu ya cika maƙil da bidiyon biki. Wata Asabar da yamma ya zauna yana rage waɗanda ya riga ya ba masu su. Ya ga folda an rubuta Mahuta, ya tuna bukukuwa biyu da ya ɗauka a can, ya goge. Bai tuna ba cewa ran da ya dawo daga gona a gajiye, nan ya jefa bidiyon tsohon, da nufin zai sake masa wuri gobe.

Ran Talata Gwaggo ta kira. Alhaji ya aiko cewa bana shi zai shiga fadamar, ita kuma ta ce wa ɗan aiken akwai bidiyo, mai gari ya ce a kawo a gani. Maharazu ya duba bai gani ba, ya gane abin da ya yi. Ka san ko gabansa bai faɗi ba? Har shayi ya aika aka kawo masa. Shi ne fa Mai Tono, kwana uku kacal, kuma bai jibga komai a kai ba. Ya kunna kayan aikinsa. Sunan fayil ɗin ya fito, girmansa ya fito daidai. Ya buɗe, allo ya tsaya baƙi. Ya leƙa cikinsa, inda ya saba ganin haruffa da lambobi sun cakuɗe, sai ya ga sifiri, layi bayan layi, tun daga farko har ƙarshe. A nan ne shayin ya huce bai sha ba.

Ya kashe kwamfutar, ya ciro na biyun tagwayen ya jona shi shi kaɗai. Ya taɓa jin an ce a irin wannan haɗi na manhaja, umarnin shara ba ya ratsawa ya kai ga faifan. Da wannan ya riƙe zuciyarsa har ya gama jonawa. Sifiri ne a can ma, a wuri ɗaya, daidai wa daida. Ya kira Kaduna.

"Da can ne ba ya ratsawa," in ji Zainulabidin. "Yanzu haɗin da kansa yake karɓar umarnin ya miƙa wa kowanne. Yaushe ka goge?"

"Asabar."

"Ka kunna ta jiya Litinin?"

"Na kunna."

"Kai, Maharazu. Ai ba rumbu biyu gare ka ba, madubi ne. Ka rubuta, su rubuta tare, ka share, su share tare. Ba ka ajiye a wani wuri daban ba?"

Katin kamarar an ɗauki biki ya fi arba'in a kansa tun daga lokacin. Ya tone shi duk da haka, ya samo amare da 'yan rawa, bai samo tsoho ko ɗaya ba.

Washegari ya hau babur ya nufi Mahuta da niyyar faɗin gaskiya, Allah ya sani. Ya tarar da Gwaggo fuska a sake. Wai da Alhaji ya ji zancen bidiyo sai ya janye, ya ce ba zai sa ƙafa a fadamar ba sai ya ga abin da yayansa ya faɗa. Ta zuba masa fura tana sa masa albarka, tana cewa da ba don shi ba da yanzu tana ina. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne kwamfutar ta ɗan samu matsala, an aika Legas a kawo wani ƙarfe, amma bidiyo yana nan lafiya lau.

Wannan ƙarya ita ta zama ɗakin da ya kulle kansa a ciki wata shida. Muddin ana zaton bidiyon yana nan, fadama tana hannun Gwaggo. Ran da ya ce babu, ta tafi. Ran da aka ce lallai ya nuna, ta tafi. Ƙarfen Legas ya zo bai yi daidai ba. Aka sake aikawa. Wuta ta lalata wani abu. Mai kawowa ya yi haɗari. Shi da ba ya iya ƙarya ko a ciniki, ya zama kullum da sabuwa a baki, kuma kowacce sai ya riƙe ta a ka don kada ta ci karo da ta jiya. Ya daina zuwa Mahuta ranar Juma'a. In ya hango ɗan garinsu a layin sai ya duƙa ƙarƙashin tebur kamar mai neman sukurudireba. Zainulabidin ya samo masa gurbin aiki a Kaduna, aikin da ya shekara biyar yana roƙo, ya ce ba zai iya ba, don in ya rufe shago ya tafi za a ce ya kawo bidiyon kafin ya wuce. Matarsa Raudatu ta tambaye shi har ta gaji, ya ce ulsa ce. Mafi ciwo, mutane ba su daina zuwa da faifansu ba, suna zama suna cewa, "Ai mun san abu ba ya ɓata a hannunka."

Akwai abin da ya fi wannan cin ransa, wanda ko Zainulabidin bai gaya wa ba. Shi ne ya riƙe kamarar, shi kaɗai ne mai rai da ya ji maganar, amma bai san abin da tsohon ya ce ba. Ya tuna sun tsaya a ɗorawa, tsohon ya dafa ta ya yi magana. Ya tuna sun gangara tsamiya, nan ma ya yi magana. Shin cewa ya yi "daga nan" ko "zuwa nan"? Shin sun gangara ne don ya nuna ƙarshen gonar, ko don ya nuna abin da ba ya ciki? Maharazu a lokacin hankalinsa yana kan haske, kada fuska ta yi duhu, kada hannu ya girgiza. Me zai sa ya saurara, alhali na'ura tana saurara? Sau biyu ya saci hanya ya je gonar da tsakar rana, ya tsaya tsakanin itatuwan yana matsa ƙwaƙwalwarsa har kansa ya yi ciwo. Wata rana ya ji kamar tsamiya ce, wata rana ya rantse a ransa ɗorawa ce, kuma ya san son Gwaggo ne ke tura shi wajen tsamiyar.

Aka yi ruwan fari, aka yi na biyu. Wata Laraba da hantsi ƙofar shagon ta yi duhu, ya waiga ya ga Alhaji Talha da kansa, babbar riga ta cika ƙofar. Babu ta inda za a fita. Ya miƙe ya ba shi kujerarsa, shi ya tsuguna a gefen tebur.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Ɗana, ƙasa ta jiƙa. Shanu suna jira, Gwaggo ma tana jira. Ban zo rigima ba." Ya ɗan kalli kwamfutar ya kau da kai. "Gaskiya ma ba na son ganin abin nan. In na ga Yaya yana tafiya yana magana, ban san yadda zan yi ba. Kai kana wurin. Kai ya goya tun kana ƙarami, ba za ka yi masa ƙarya yana kabari ba. Faɗa mini da bakinka. In ka ce tsamiya, wallahi na bar mata har abada, ni da 'ya'yana. In ka ce ɗorawa, shi ke nan."

Kalma ɗaya. Ba a ce ya kunna komai ba, ba a ce ya dafa Alƙur'ani ba, babu mai iya ƙaryata shi a duniya. Wata shida yana ƙarya a kan ƙarfe da wuta da direba, ga guda ɗaya da za ta biya duka, ta ba matar da ta goya shi abincinta har ƙarshen ranta. Ya ji kalmar ta hau harshensa. Amma waɗancan ƙarairayin nasa ne, a bakinsa ya yi su. Wannan kuwa a bakin mamaci zai sa ta, kuma ƙasa ce, wadda za a ci daga cikinta shekara da shekaru. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba.

"Baba Alhaji," ya ce, "bidiyon babu shi. Ni na goge shi da hannuna tun bayan kaka. Duk abin da na faɗa muku ƙarya ne."

Alhaji ya ce, "To abin da ya faɗa fa?"

"Ban sani ba. Ban saurara ba."

"Ba ka saurara ba." Ya maimaita a hankali, ba da faɗa ba. Ya miƙe ya gyara rigarsa. "Da ka faɗi ɗaya da na karɓa. Tunda babu, iyakar mahaifinmu ita ce iyaka. Jibi za a sa shanu. Ka riga ni zuwa wajenta, kada ta ji a bakin wani."

Ya rufe shagon da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya sami Gwaggo a tsakar gida, ta shimfiɗa buhu a inuwa ta baza irin shinkafa a kai yana tsanewa. Ya durƙusa ya faɗa mata duka, tun daga Asabar ɗin nan har zuwan Alhaji. Ba ta katse shi ba, hannunta yana cikin irin tana juya shi.

"Ya ce ka faɗi ɗaya," ta ce, "ka ce ba ka sani ba."

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ni na sani."

"Ba ki je ba, Gwaggo." Da ya faɗa ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Ya jira ta yi kuka, ko ta zage shi, ko ta ce ya fita mata daga gida, ko wanne da ya fi masa sauƙi. Sai ta tattara bakin buhun, ta ɗaure da tsumma, ta tura masa gabansa.

"Tun shekaranjiya na jiƙa shi, ya fara tsagewa. In ya kwana biyu zai lalace. Ɗauki ka kai gidan Alhaji, ka ce in ji ni iri ne mai kyau, na Malam ne. Ni ba ni da inda zan zuba shi."

Ya ce, "Gwaggo…"

"Ɗauka, ɗan nan, rana tana yi."

Gidan Alhaji yana can ƙarshen gari, sai an ratsa ta gaban masallaci da bakin kasuwa. Buhun yana ɗiga, bai ɗauru a babur ba. Maharazu ya ɗora shi a ka ya fita, ruwan yana bin wuyansa, mutane suna yi masa sannu da zuwa yana amsawa.